Takalmin da ya ƙi shiga ƙafar hagu

Shekarun baya, tun shagona na kasuwar Kankia bai wuce faɗin tabarma biyu ba, na yi wani abu da har yau wasu a dangin matata ba su yafe mani ba. Kwanakin nan na ga ana ta maganar kumburin ƙafa a nan, kowa yana kawo maganinsa, wannan ya ce a shafa kaza, wancan ya ce a jiƙa kaza a sha. Shi ya sa na ce bari in ba ku nawa labarin, ko Allah ya sa wani ya tsira.

Ni ɗan kasuwar takalma ne. Da buhu a ka na fara, ina bin kasuwannin ƙauye ina shimfiɗa leda ina jera silifa, har Allah ya sa na kama shago, yau kuma ina ba wasu sari. Karatuna bai yi nisa ba, amma ƙafa na san ta. Mutum ya tsaya gabana, kafin ya gama sallama na san lambar da zai sa, na kuma san ko saye ya zo yi ko tayi kawai zai yi ya wuce.

Matata ta haifi 'yarmu ta fari, kuma haihuwar ba ta zo da sauƙi ba, sai da aka yi mata aiki aka ciro yarinyar. Ranar da za a sallame mu ina tsaye ma'aikaciyar jinya ta ce mata, “Kada ki je gida ki kwanta kamar buhun gero. Ki riƙa tashi kina zagaya tsakar gida a hankali, ki sha ruwa sosai.” Da kunnena na ji. Goggonta, wato yayar mahaifinta, tana wurin riƙe da jaririya, ita ma ta ji. Ta ce “To,” irin to ɗin da mai saye ke yi maka in ya riga ya yanke ba zai dawo ba.

Daga asibiti ba gidana aka nufa ba. Haihuwar fari ce, don haka sai Yashe, gidan iyayenta, ta yi jego har ta yi arba'in. Ban ja ba. Haka aka yi wa mahaifiyata, haka aka yi wa ƙannena mata. Surukina malami ne mai sanyin hali, makarantar allo a ƙofar gida, gona a bayan gari. Surukata kuwa, matata ce 'yarta ta fari, kuma kun san yadda abin yake a wajenmu. Ba ta kiran sunanta, ba ta nuna damuwa da ita a gaban mutane, ko ciwo take yi sai dai ta kalle ta ta wutsiyar ido ta wuce. Saboda haka jegon gaba ɗaya ya koma hannun Goggo. Ita ke dafa ruwan wanka, ita ke dama kunun kanwa, ita ke cewa a shiga ko kada a shiga. Duk jegon da aka yi a gidan nan a hannunta aka yi, kuma ba ta jira a tambaye ta kafin ta faɗa.

Ni kuma suruki. Aikina in aika da itace da nama da kayan yaji. In na zo in tuɓe takalmi a ƙofar zaure, in durƙusa in gaida Malam, a miƙo mani jaririya in gani in yi addu'a, in tashi in kama hanya. Ko ranar suna ban sa matata a ido ba. Waya ce kawai tsakaninmu, kuma duk lokacin da na kira Goggo na zaune a bakin gado, don haka amsar ɗaya ce, “Lafiya lau.”

Bayan suna da 'yan makonni na shiga Kano sarin kaya, na ga wani takalmin mata rufaffe, mai laushi, ruwan zuma. Na ce wannan na yawon arba'in ne. Na zaɓi lambarta, na ba ɗan acaba ya kai Yashe. Washegari sai ga shi ya dawo mani da shi a cikin ledarsa, wai an ce ya yi kaɗan.

Ba zan ɓoye maku ba, na ji haushi. Ni da nake auna ƙafar baƙo da ido, a ce na kasa lambar matar da ke gidana? Maƙwabcin shagona ya yi ta dariya har da riƙe ciki, wai yau sarkin ƙafa ya yi tuntuɓe. Na ce ba komai, ai mai ciki da maijego ƙafarsu kan tashi, na sha sayar masu da lambar da ta ɗara tasu. Na canza da wanda ya fi shi na sake aikawa. Da yamma na kira matata.

“Amarya, ya takalmi?”

“Ya yi kyau,” ta ce. “Na daman ya yi mani yawa, ficewa yake yi. Na hagun ne ya ƙi shiga.”

“Ya ƙi shiga, ko dai ya matse?”

“Ko yatsu ba su gama wucewa ba.”

Sai na jiyo muryar Goggo a bayanta. “Ki ce mashi sanyi ne ya sauka a ƙafar, ana gashi. Shi mi ya sani ban da roba?”

Na ajiye wayar na zauna ina juya maganar. Shekara da shekaru ina sa wa mutane takalmi. Ƙafa ɗaya ta ɗan ɗara 'yar'uwarta, wannan kusan kowa haka yake. Kumburin masu ciki kuma duka biyun yake kamawa, ya sauka tare. Amma ta dama ta koma yadda Allah ya yi ta, ta hagu ta ƙi shiga lambar da ta fi tata, wannan ban taɓa gani ba sai ga wanda ya yi targaɗe ko maciji ya sara. Matata kuwa ba inda ta je balle ta yi targaɗe.

Da safe wani abokina ya biyo ta shago. Tare muka yi firamare, shi ya wuce gaba ya zama ma'aikacin jinya, ni na wuce gaba da buhu. Takalmin makaranta ya zo nema wa yaransa, kuma kamar kullum ya zo da niyyar a ba shi a farashin sari. Na ba shi labarin ne kawai don ya taya ni mita, in nuna mashi cewa laifin ba na idona ba ne. Sai na ga ya ajiye takalmin da ke hannunsa.

“Ƙafa ɗaya ka ce?”

“Ɗaya.”

“Tun yaushe?”

“Ina zan sani? Ni da ba na wuce zaure.”

“Kira ta ka ba ni.”

Allah ya taimaka Goggo tana wajen murhu. Ya buɗe wayar yadda ni ma zan ji, ya gaishe ta, ya yi mata barka, sannan ya fara tambaya. Ina ne ke ciwo? Ta ce sha-raɓa, kamar jijiya ta ɗaure ta ƙi saki, in ta taka kuma abin ya fi. Ƙafar da zafi? Ta ce ta fi ɗayar zafi, fatar ta yi sheƙi ta ƙara duhu. Kina tashi kina yawo? Ta ce Goggo ta hana, kada ɗinki ya farke, abinci ma a gado take ci. Me ake yi wa ƙafar? Ta ce safe da yamma ana gasa ta da tsumma da ruwan zafi, sannan Goggo ta murza ta da man zafi tun daga idon sawu har cinya. Ta ƙara da cewa an aika wa wanzami, yau zai zo ya yi ƙaho a zuƙe mugun jini.

Duk wannan ni mijinta ban san ko ɗaya ba. Sai da baƙo ya tambaya.

Da ya kashe wayar ba wasa a fuskarsa, kuma shi mutum ne da ko a wurin gaisuwar mutuwa sai ya nemi abin tsokana.

“Ba zan rantse ba sai an yi hoto,” ya ce, “amma ina zargin jini ne ya daskare a jijiyar ƙafar, ya yi guda. Wanda aka yi wa aiki, da maijego, da wanda ya daɗe a kwance, su abin ya fi kamawa, ita kuwa ta haɗa duka. Kuma ƙafar ma da sauƙi. In gudan nan ya ɓalle, jini zai kwashe shi ya kai huhu ya toshe. Mutum yana zaune ana hira sai numfashi ya gagare shi. Wannan murzar da ake yi mata kuwa, kamar ana girgiza mangwaro ne ana jiran ya faɗo.”

Na ce, “To ai saura kaɗan ta yi arba'in, in ta dawo…”

“Wane arba'in? Rufe shagon nan. Ni aiki zan shiga yanzu, ina jiranku. Kada kowa ya ƙara taɓa ƙafar. In ka ji ta ce ƙirjinta, ko numfashinta ya yi sama, ko ta fara tari, kada ka tsaya gaida kowa.”

Na ɗauki shatar mota sai Yashe. Damina ce, Malam ya tafi gona tun da sassafe. Na kira wayarsa sai na ji tana ƙara a kan tagar zaure, nan ya bar ta. Na tuɓe takalmi, na zauna a kan tabarma, na yi sallama aka sanar a ciki. Can sai ga Goggo ta fito tana goge hannu da gefen zane, warin man zafi ya rigaye ta isowa.

“Lafiya da hantsi haka, mai takalma? Ko awon ƙafar ka zo yi da kanka?”

Na gaishe ta yadda ya kamata, ina durƙushe. Sannan na ce, “Goggo, na zo in kai ta asibiti.”

“Wa?”

“Maijego.”

Ta kama haɓa. “Maijego ta fita ba ta yi arba'in ba? Da ɗanyen jiki, iska ta buge ta a hanya? A Kankia haka kuke yi?”

Na maimaita mata abin da abokina ya faɗa, a hankali, da ladabi, har da maganar huhu. Ta bar ni na gama tas.

“Ka gama? To ni na yi wa uwarta jego. Duk ɗiyan gidan nan a hannuna suka yi wanka. Sanyi ne, na san shi, ya san ni. Su da suka farke mata ciki suka hana a yi mata wanka yadda ya dace, su suka jawo shi, kuma wurinsu za ka maida ta? Yau wanzami na zuwa. In kana da magana ka jira Malam ya dawo ka yi da shi.”

Ta juya ta shige.

Kuma na zauna. Wannan shi ne abin da in na tuna har yanzu nake jin haushin kaina. Mota na tsaye a waje, direba na taunar goro, na san abin da ke cikin ƙafar matata, amma na naɗe ƙafafuna a kan tabarma kamar wanda ya zo neman aure, don an koya mani cewa suruki ba ya wuce zaure. A kasuwa babu wanda ya isa ya juya ni. Manyan 'yan sari a Kano na sha tashi in bar masu kayansu in ba su yi mani yadda nake so ba. Ga ni nan wata tsohuwa ta ce in jira, ina jira.

Gidan ba babba ba ne, ana jin komai daga zaure. Na ji an zuba ruwa a roba. Na ji muryar matata ƙasa-ƙasa tana cewa, “Goggo, a hankali.” Na ji Goggo ta ce, “Ke dai raki gare ki, haihuwa ɗaya kin cika mana kunne.” Wato bayan duk abin da na faɗa mata, komawa ta yi ta ci gaba da murzar daga inda ta tsaya.

Sai tari. Busasshen tari, gajere, ya sake zuwa, ya sake. Sannan na ji matata ta ce, “Wayyo, ƙirjina.”

Ban san lokacin da na tashi ba. Na yi sallama da ƙarfi na kutsa. Matan da ke tsakar gida suka watse, wannan ta ja mayafi, waccan ta bar taɓarya ta faɗi, wata tana cewa, “Innalillahi, namiji!” Ban kalli kowa ba. A ɗakin surukata aka ajiye maijegon, ɗakin da ko inuwata ba ta taɓa faɗawa ƙofarsa ba. Na ɗaga labule na shiga.

Zafi ya buge ni kamar na buɗe tanda. Taga a rufe, garwashi a kasko. Matata na zaune a bakin gado, baki buɗe, tana jan numfashi kamar wadda aka koro da gudu, zufa na zuba. Na kalli ƙafar. Ta dama ƙafar matata ce da na sani. Ta hagu kamar an hura ta, tun daga yatsu har sama da gwiwa, tana ƙyalli da mai. Kuma abin da ya ƙara ƙona mani rai, da ta gan ni, a wannan halin, hannunta ya tafi neman zane ta rufe ƙafar, don kunya.

Na ce, “Tashi mu tafi.” Ta yunƙura ta kasa. Na ɗauke ta.

Ina juyowa Goggo ta cika ƙofa, hannu ɗaya nan ɗaya can.

“Sai dai ka bi ta kaina. Ɗan wa ne kai? A gidan malamai za ka yi mana wannan tsiyar?”

Na ce, “Goggo, ke uwa ce, hannuna ba zai taɓa ki ba. Amma aurenta a wuyana yake, kuma in ta mutu ni za a zo a yi wa gaisuwa. Ki ba ni hanya.”

Ba ta motsa ba. Ni ma ban motsa ba. Numfashin matata na busa mani a wuya, zuciyarta na bugawa a ƙirjina kamar ta tsuntsun da aka kama.

Surukata duk abin nan ban ma san inda take ba. Sai ga ta ta bayan Goggo, ta goya jaririyar, hijabin 'yarta a hannu, jakar kayan jariri a kafaɗa. Ba ta kalle ni ba, ba ta kalli 'yarta ba. Ta miƙo hijabin ta ƙarƙashin hannun Goggo ta ɗora a kan matata, ta juya ta nufi ƙofar gida.

Goggo ta ce, “Har da ke?”

Ba ta juyo ba ta ce, “Yarinyar nan za ta nemi nono.”

Iyakar abin da al'ada ta bari ta faɗa ke nan. Ba ta da bakin cewa 'yata za ta mutu, sai ta fake da jika. Goggo ta sauke hannu, na wuce.

A mota ina gaba, su suna baya. Na waiwaya sau ɗaya na ga surukata tana share wa 'yarta zufa da gefen mayafi, bakinta na motsi da addu'a. Da ta ga na gani sai ta janye hannu ta maida ido kan gonaki. Ban ƙara waiwayawa ba, na bar mata wurin.

Abokina na tsaye a bakin ƙofar asibiti da keken marasa lafiya. Nan da nan aka sa mata abin shaƙar iska, aka yi mata allura, likita ya duba ya ce a wuce da ita babban asibiti a Katsina inda za a yi hoton jijiya da na ƙirji. Sai da hankali ya ɗan kwanta, ana shirin saka ta a mota, abokina ya kalli ƙasa ya kalle ni.

“Alhajin takalma, ina naka?”

Na duba. Ashe tun daga Yashe ba takalmi a ƙafata, suna can ƙofar zaure inda na tuɓe su don ladabi. Mutumin da ke da shago cike da kaya, ga shi a barandar asibiti da ƙafa dumu-dumu da taɓon damina. Silifan banɗakin ma'aikata aka ara mani, da su na shiga Katsina.

Hoto ya nuna abin da ake zargi. Gudan jini ne tun daga bayan gwiwa har cinya, kuma wani ɗan gutsure ya riga ya ɓalle ya kai huhu, shi ne tarin da ciwon ƙirjin. Likitan, wata mata mai magana a hankali, ta shafa ƙafar ta ji santsin mai, ta ce, “Wa ke murza mata?” Ni na kalli bango, surukata ta kalli ƙasa. Likitan ta ce, “Allah ya sa ƙarami ne ya tafi. Da babban ne, ba na jin za ku iso nan da ita.” Aka kwantar da ita, ana yi mata allurar tsinka jini a fatar ciki, daga baya aka koma ƙwayoyi na watanni, da wata doguwar safa mai matse ƙafa. Aka tabbatar mana maganin ba zai hana ta shayarwa ba. A hankali numfashi ya dawo, ƙafar ta fara sauka.

Yanzu ku ji abin haushin. Ranar kasuwar Kusada na je da kaya, sai na tarar labari ya rigaye ni. Labarin kuwa ba na maijegon da ta kusa mutuwa ba ne. Labarin mai takalma ne da ya kutsa ɗakin surukarsa tsakar rana ya sungumi mace a gaban iyayenta. Wani dattijo da na daɗe ina girmamawa ya tsaya gaban kayana ya ce kuɗi ne suka fara yi mani yawa. Wani ya ce irin auren 'yan kasuwa ke nan, komai a wurinsu kaya ne, a ɗauka a sa a mota. Mutum nawa suka yi mani maganar a ranar, ban ƙirga ba, amma wanda ya ce ya jikin nata, mace ɗaya ce, mai nono, da ta zo sayen takalmin roba.

Kuma ni aka ce in je in ba da haƙuri. Kawuna ya sa ni gaba muka je Yashe. Na durƙusa gaban Malam na ce na yi laifi, na shiga inda bai kamata in shiga ba. Ya ja carbinsa. Sannan ya ce akwai wata ɗiyar ƙanensa, shekarun da suka wuce, ita ma jegon fari, ita ma ƙafa ɗaya ta kumbura. Saura kaɗan ta yi arba'in ta tashi za ta fito tsakar gida ta faɗi a bakin ƙofa, kafin a kawo ruwa ta cika. Aka ce iska ce ta buge ta.

“Ban ce shi ne ba,” in ji shi, “Allah ne masani. Amma tun da aka ba ni labarin abin da likita ta faɗa ban daina tuna yarinyar nan ba. Ba ka da laifi a wurina. Sai dai ka shiga ka ba Goggo haƙuri, yayata ce.”

Na je na ba ta. Ta saurare ni tana ɓare gyaɗa, ta ce ta yafe don Allah, sannan ta ce, “Da an bar ni na ƙarasa gashin nan, da ba a kai ga haka ba.” Na haɗiye abin da ya zo mani baki. Har yau ina jin ɗacinsa.

Matata ta warke, alhamdulillahi, ta ƙara haihuwa bayan nan, kowace haihuwa da kulawar likita tun daga ciki. Amma ƙafar ba ta koma daidai ba. In ta daɗe a tsaye sai ta yi nauyi ta tashi da yamma. Tana koyarwa a Islamiyya, da a tsaye take yi tana zagaya ɗalibai, yanzu sai a kujera. An gaya mana da tun ranar da ciwon ya fara aka kawo ta, da wataƙila ba a bar mata wannan ba. Na tambaye ta me ya sa ba ta faɗa mani ba tun farko. Ta ce maijegon fari in ta ce wash sai a ce raguwa ce, a yi ta ba da labarinta har 'ya'yanta su girma.

Ni ba na gaba da jego. Kunun kanwa da gasasshen nama da hutun da ake ba mace, da yadda dangi ke taruwa a kanta, duk abin so ne, kuma Goggo ba muguwa ba ce, da hannunta ta raini rabin gidan nan ba a biya ta ba. Abin da ke tafasa mani zuciya shi ne yadda aka shirya abin. Mai ciwon an hana ta kuka. Uwar da ta gani an hana ta magana. Ni da ke da hakkin ɗaukarta an ajiye ni a zaure. Wadda aka bar wa bakin magana kuwa ita ce wadda ba ta taɓa yarda akwai ciwon da ya fi ƙarfin ruwan zafi ba.

Don haka ni dai abin da na riƙe ke nan, kuma shi nake gaya wa duk wanda ya zauna a bencin shagona. In ƙafa ɗaya ta kumbura ta bar 'yar'uwarta, tana zafi, sha-raɓa na ciwo ba tare da an buge ba, fata ta canza, musamman ga wadda ta haihu, ko wanda aka yi wa aiki, ko wanda ya daɗe a kwance, ko irinmu da ke naɗe ƙafa a mota daga nan har kudu, to ba ta tausa ba ce, ba ta ƙaho ba ce. A cire hannu a nufi asibiti a ranar. In kuwa numfashi ya fara yankewa, ko ƙirji na suka in an ja iska, ko tari ya zo, balle da jini, ko jiri na ɗiba, to ko liman ne a ƙofa a ratse shi, a dawo a ba shi haƙuri daga baya.

Goggo tana nan da ranta, ta tsufa ƙwarai. Duk Sallah ina zuwa in durƙusa in gaishe ta, ita kuma ba ta amsawa kai tsaye, sai ta juya ga na kusa da ita ta ce, “Ku amsa wa likita.” A yi dariya, wani lokaci ta ƙara da marar kunya. Matata na zaune a gefenta tana dama mata fura, tana danne tata dariyar. Nakan tsaya a durƙushen nan in sha zagina. Ya fi mani waccan gaisuwar ta mutuwa da za a zo a yi mani a kan tabarma, ana dafa kafaɗata ana cewa ai yaron kirki ne, ko ƙofar zaure bai taɓa wucewa ba.